Lawali Mai Rijiya da Agogon da Na Zaɓa Masa

Ranar Talata ce, ba a jima da saukowa daga azahar ba. Ina zaune a rumfata ta Zango, gilashin gyara a idona, ina fama da agogon wani ma'aikacin gidan waya. Sai ga Ɗanjuma, direban kamiyon da ke bin hanyar Durum, ya tsaya a kaina ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Malam Isufu, sai haƙuri. Lawali Mai Rijiya ya rasu. Da hantsi aka ciro shi daga rijiya, can aka binne shi saboda zafi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na cire gilashin, na rasa inda zan ajiye shi. Ɗanjuma ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya, ya ƙara da cewa, "Sani ne a kan igiya."

Wannan magana ta biyu ta riga ni isa unguwarmu ta Birni. Kafin in kai ƙofar gidansu an shimfiɗa tabarmi, kuma duk wanda ya zo gaisuwa ya zo da ita a bakinsa. Wani ya ce Sani gyangyaɗi ya yi. Wani ya ce hira ta ɗauke masa hankali. Har da marar tsoron Allah da ya ce dama ƙanin ya gaji da zama a ƙarƙashin wansa. Sani, mutum mai shekara arba'in da iyali, wanda ya riƙe wa yayansa igiya shekara ashirin, yana dawowa daga ƙauyen ya shiga ɗaki ya ja ƙyaure, bai fito karɓar gaisuwa ba. Mahaifiyarsu, Iya, ba ta ce a kira mata shi ba. Ni kuwa na zauna kan tabarma ina amsa "sai haƙuri", alhali na san abin da ya faru a bakin rijiyar nan fiye da duk mai magana, ko da yake ban je wurin ba. Kwana shida na yi shiru, kuma kunyar shirun nan ba za ta bar ni ba. Zan faɗi wane ne Lawali, sannan in faɗi yadda aka yi, don sunan Sani ya fita daga bakin mutane.

Wanda bai zauna Damagaram ba bai san darajar mai yasar rijiya ba. Gari ne da Allah ya ɗora kan duwatsu, ya ba shi kasuwa da sarauta da malamai, ya rage masa ruwa. Da bazara ta kama, rijiyoyi su janye, guga ya riƙa dawowa da laka. A lokacin ne ake neman wanda zai ɗaura igiya a ƙirji, ya sauka gaba goma sha biyar ko ashirin cikin duhu, ya kwashe taɓo har idon ruwa ya buɗe. Lawali ya gaji aikin daga ubansa. Gidanmu da nasu katanga ɗaya ce, tare muka tashi. Ni ɗan maƙera ne da na bar uwar maƙera na koma kan ƙananan ƙarafa, don haka yake kirana Maƙerin Sauro. Ni kuma ina ce masa Kwaɗo. Har furfura ta fito mana ba mu daina ba.

Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, ba ya son dogon zance. In ya gama yasar rijiya, ba ya barin kowa ya sha sai shi ya fara. Zai cika ƙwarya ya shanye a gaban jama'a, ya zauna ya ɗan jima, sannan ya ce wa mata, "To, bismillah." Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "In akwai cuta a ciki, gara ta sami wanda ya taɓo ta."

Rijiya kuwa ba guga kaɗai ke faɗawa cikinta ba. Ya ciro zobba da 'yan kunne, ya ciro layun da aka jefa da mugun nufi, ya ciro abubuwan da in an ambata aure zai mutu. Abin da ke da mai shi, ya kai masa a asirce. Sauran, ko ni da muke cin tuwo akushi ɗaya ban taɓa jin labarinsu ba. In na matsa masa sai ya ce, "Abin da na gani a ƙasa, a ƙasa na baro shi." Akwai shekarar da wani attajiri a Zango ya so sayar da gida, ya kira shi ya duba rijiyar gidan a gaban mai saye, ya kuma riga ya aika masa da riga sabuwa. Lawali ya sauka, ya hau, ya ce idon ruwan ya mutu, ko an yasa ba za ta kai watan gobe ba. Da yamma ya mayar da rigar a naɗe yadda ta zo. Attajirin bai sake gaishe shi ba har ya mutu, shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce mini, "Rijiya ba ta ƙarya, mai ita ke yi." Kuma duk unguwar Birni ta sani, in rijiyar gwauruwa ce ko ta masallaci, goro kaɗai yake karɓa.

Ba zan mayar da shi waliyyi don ya mutu ba. Lawali yana da taurin kai, kuma yana da gaggawa in ya ga mata tsaye da tuluna suna jiransa. Wannan gaggawar ce ta kawo shi rumfata.

Sai na bayyana yadda aikin yake tun kakanninsu, don a gane abin da muka ɓata. Kafin mutum ya sauka, ana zura fitila. In ta mutu, ba mai shiga. In ta rayu, a sauka. Amma fitila ba ta faɗin duka, don wata rijiyar sai an motsa baƙar lakar ƙasa take sakin mugun numfashinta. Shi kuma wanda ke ciki ba ya jin zafi, ba ya jin tsoro. Jikinsa ne zai yi sanyi, barci mai daɗi ya riƙa fizgarsa, ya ce bari in ɗan jingina. Saboda haka magabata suka ɗora lokaci a hannun na sama. Mai riƙe da igiya yana da carbi. Da ƙafar mutum ta taɓa ƙasa zai fara istigfari, in ya cika ɗari uku sai a ja, ko na ƙasa ya so ko ya ƙi, ko da guga rabi ya cika. Ya hau ya sha iska, sannan ya koma. Ba a shawara da na ƙasa. Haka uban Lawali ya yi har ya mutu a kan shimfiɗarsa da tsufa.

Da sanyin shekarar da aka yi ƙuri'ar i ko a'a, lokacin da Anasara suka fara ɗaure kaya suna sayar da gadaje da kujeru, Lawali ya zo ya tsuguna a gaban teburina.

"Maƙerin Sauro, wai da gaske akwai agogon da ba ya shan ruwa?"

Na ce, "Kwaɗo, me ya haɗa ka da agogo? Ladan bai ishe ka ba?"

Ya ce, "Ƙirgar Sani ce ta ishe ni. Ran da hankalinsa ke kwance, ɗari uku ɗin ta kai yadda Baba ke yi. Ran da ya tsorata kuwa, kamar kaza na tsince gero, ban cika guga biyu ba an fizge ni. Rijiyar kwana biyu sai ta ci biyar, mutane na shan laka. Ina son abin da ba ya tsorata."

Maganar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Shekara da shekaru ina gyara agogon da masu su ke ɗaurawa don a gani, yau ga wanda zai yi aiki da shi. Na ce ya ba ni mako biyu. Na bi gari, na samo guda uku da aka ce ruwa ba ya shigarsu, na jera su kan ƙyalle.

Na farko daga kantin wani Kwara ne, Balarabe ɗan kasuwa. Ruwan zinariya, farar fuska, siriri, yana ɗaukar ido tun daga nesa. A bayansa an rubuta da Faransanci cewa ruwa ba ya cinsa. Shi ya fi tsada cikin ukun, kuma shi Lawali ya fara kai wa hannu, kamar kowa. Na biyu na wani tsohon soja ne da ya dawo da shi daga yaƙin Indoshin. Baƙin ƙarfe duk ƙwarzane, lambobinsa ƙanana, maɗaurin fata ya ci gumi har ya yi baƙi. Kuɗinsa bai wuce na rago ba. Na uku na wani kaftin ne a barikin soja, wanda aka ce ya taɓa aiki da masu nutso a teku kafin a turo shi ƙasar da ba ta da ko kogi. Mummuna ne, in faɗi gaskiya. Baƙar fuska, kauri kamar goro, nauyi a hannu. Maimakon lambobi, ɗige-ɗige ne manya. Maɓallin da ake juyawa don agogon ya yi tafiya yana murɗuwa ya kulle kamar murfin kwalba. A gefen gilashin kuma akwai zobe mai juyawa, da alama guda a kansa. Kaftin ya nemi abin da zai sayi bijimi da ƙari.

Lawali ya ce, "Ni ban iya karatun bayan agogo ba. Mu tambayi rijiya."

Kwaran ya yi tsalle ya dire, ya ce ba a yi wa kayansa haka. Na ce masa in rubutun gaskiya ne, me yake tsoro? In ƙarya ne kuma, ni zan shanya shi in gyara kyauta. Kaftin dariya kawai ya yi, ya ce mu jefa shi ko a tukunyar miya. Muka ɗaure ukun a tsumma da dutse, muka zura su rijiyar bayan gidansu daga azahar zuwa la'asar. Da aka jawo, na Kwara ya yi gumi ta cikin gilashi, kafin magariba ya tsaya cik. Kwana biyu na yi ina tsane shi. Na tsohon soja bai sha ko ɗigo ba, Allah ya sani jarumi ne. Na kaftin kuwa kamar ba a taɓa shi ba.

Saura biyu. Lawali ya shige da su cikin rumbu ya sa aka rufe bakin, don ƙasan rijiya ko da tsakar rana duhu ne. Muka ji muryarsa daga ciki: "Na sojan nan ya ɓace, ban gan shi ba. Kai! Wannan kuwa idon kyanwa gare shi!" Ɗige-ɗigen da hannuwan duk suna haske kore. Bai tsaya nan ba. Ya tura su cikin rairayi ya tattake, ya buga su da gefen turmi. Gilashin na soja ya tsage. Na kaftin rairayi ya shiga ƙarƙashin zoben ya sa shi ƙara, na wanke da man fitila ya koma daidai. Na ce masa, "Na Kwara na ango ne. Na soja ya ci kuɗinsa har ya yi rara, in da a sarari za ka yi aiki shi zan ce ka ɗauka. Amma na aikinka wannan mummunan ne." Ya sayar da bijimin da yake kiwo, ya saya. Har yau, a matsayina na mai sana'a, ban ga kuskure a zaɓen nan ba.

Kuskuren a rana ta gaba yake. Na sa Lawali ya ja istigfari ɗari uku a natse, yadda ubansa ke yi, na auna, ya kama minti goma sha biyu. Na nuna masa yadda zai juya zoben ya daidaita alamar da dogon hannu, da inda hannun zai kai ya san lokaci ya cika. Ya gane nan take, don ba shi da daƙiƙanci. Sai ya juya agogon a tafinsa, ya ce, "Isufu, ko in bar wa Sani shi a sama? Ya duba ya ja ni."

Ku ji amsar da na ba shi, ku da kuke zagin Sani. Na yi dariya. Na ce, "Haba Kwaɗo! Ka sayar da bijimi ka sayi agogon da ba ya shan ruwa, mai gani a duhu, sannan ka bar shi a rana a hannun wanda ko jiƙewa ba zai yi ba? In haka ne ai da na soja ka saya. Kaftin da bakinsa ya gaya mini, a teku mai nutso ne ke ɗaure da shi. Kai za ka duba, in ya cika ka girgiza igiya su ja ka." Na faɗi haka ne don ina alfahari da abin da na zaɓo, ina so a ga ya shiga ruwa ya fito. Ban tsaya na tuna cewa mutanen teku da iskarsu suke sauka a goye ba, hankalinsu na jikinsu. Ban tuna abin da kowace tsohuwa a Birni ta sani ba, cewa wanda rijiya ta fara kamawa ba ya sanin an kama shi. Lawali ya ce, "Kai ka san ƙarfe." Ya ɗaura.

Daga ranar aka ajiye carbi. Bazarar farko abin ya yi kyau har ya ba ni girman kai. Rijiyar kwana biyar ta koma kwana biyu. Ana nuna shi a kasuwa, ana cewa ga mai yasa da agogon Anasara. Duk Juma'a yakan kawo mini in wanke masa zoben, in gwada shi da nawa, ban taɓa samun ya yi latti da minti guda ba. Sau ɗaya kawai aka sami saɓani, kuma a gabana aka yi, a wata rijiya ta Zango. Sani ya ga shirun ya yi masa yawa, ya sa aka ja ba tare da an girgiza igiya ba. Lawali ya fito jiƙe da laka, ransa a ɓace, ya miƙa hannu a fuskar ƙaninsa a gaban mata da yara. Ya ce, "Duba! Saura minti huɗu! Wallahi ka sake ja na ban girgiza ba, ka nemi wanda za ka riƙe wa igiya." Sani ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi haƙuri, Yaya." Ni da ya kamata in tsawata, ina gefe ina murmushi, don agogona ya yi gaskiya.

Bana, ana tsakiyar zafi, gari ya cika da zancen 'yancin kai da wanda zai hau da wanda zai sauka, mutanen wani ƙauye a ƙasar Durum suka aiko. Rijiyarsu ɗaya tak, ta koma taɓo, mata na tafiyar rabin yini neman ruwa, awaki sun fara faɗuwa. Ya biyo ta rumfata da safen da za su tafi, na wanke masa zoben. Ya ce in ya dawo zai kawo mini kwaɗo ɗan'uwansa in gyara masa ido. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Sauran daga bakin mai garin ƙauyen na ji, wanda ya zo gaisuwa ranar uku. An zura fitila, ta rayu. Lawali ya juya zobensa, ya yi bismillah ya sauka. Guga uku ya aiko na baƙar laka mai wari. Daga nan shiru. Suka jira igiya ta motsa, ba ta motsa ba. Da aka ja, nauyin da suka ji tun farko ya gaya musu. Ya fito kamar mai barci, ba rauni ko ɗaya a jikinsa. Mai garin ya ciro agogon daga aljihu a naɗe cikin tsumma, ya ce masu wanka ne suka kwance shi, kuma lokacin da aka fito da shi yana ta tafiya abinsa. Malamin da zai raba gado ya ce in duba in faɗi darajarsa saboda marayu. Na buɗe shi. Ba ruwa, ba laka, ba tsatsa. Na gaya masa har yanzu ya kai bijimi. Ban taɓa jin haushin ƙarfe kamar ranar ba.

Kwanaki suna tafiya, magana tana ƙara muni. Matar Sani ta je ɗiban ruwa, wata ta ce a matsa mata kada ta saki guga, jininsu ne sakin igiya. Ta dawo da tulu babu ruwa tana kuka. Masu yasa biyu da ke garin suka ce ko da kuɗi ba za su sauka a igiyar da Sani ya riƙe ba. Abincin da ake kai masa yana dawowa yadda aka kai. Iya kuwa, tsohuwar da idonta ya yi rauni, tana zaune a ɗakinta da carbi, in an ambaci Sani sai ta kau da kai. Wannan ya fi komai tsorata ni, don in uwa ta rufe baki a kan ɗa, me ya rage masa a gari?

Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa fatiha, kafin mutane su watse, na miƙe a zaure. Na faɗi duk abin da na rubuta a nan, ban rage ba: tambayar da Lawali ya yi mini, da dariyar da na yi, da rantsuwar da ya yi wa ƙaninsa a Zango. Na ce wanda ke neman wanda zai zaga, ga ni, rumfata ba ta ɓuya. Wani dattijo ya ce, "Malam Isufu, kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Na ce na yarda, amma in kwana ne ya ƙare, don me bai ƙare a bakinku ba sai a kan Sani?

Na nemi izini na shiga cikin gida, na tsaya a ƙofar ɗakin Sani. Ɗakin Iya yana daura da shi, labulenta a ɗage. Na ce, "Sani, ni ne Isufu. Na gaya wa mutane gaskiya. Ba ka da laifi, ba a ba ka ƙirga ba, an karɓe ta daga hannunka. Ka fito."

Ƙyauren ya buɗe kaɗan. Wallahi da a hanya na gamu da shi ba zan gane shi ba. Ya ce, "Yaya Isufu, na gode. Amma ba ka san duka ba. Ban taɓa daina ƙirgawa ba. Carbin kawai na ajiye. Duk saukar da ya yi, a zuci nake ja. Ranar ma na ja. Na kai ɗari uku, hannuna ya ƙanƙame igiya, na tuna abin da ya ce. Na kai ɗari huɗu, na leƙa na kira shi, na ji kamar ya amsa. Na ce kada in kunyata shi a garin mutane. Sai da na kai ɗari biyar, Yaya Isufu. Ina sane. Ɗari biyar."

Na zo da magana a bakina don in wanke shi, ta ƙare.

Sai muka ji muryar Iya daga ɗakinta, a hankali. "Sani."

"Na'am, Iya."

"Da ka ja shi a ɗari uku, da ya yi maka faɗa?"

"Da ya yi, Iya."

"Da ya yi. Na san abin da na haifa." Muna jin ƙarar carbinta. "Tun kana rarrafe nake ce maka kada ka ƙetare maganar yayanka. In ka yi masa musu ni ke dukanka. To ka ji maganata, ka ji tasa. In za a raba laifin nan, a kawo mini kasona. Ɗaya rijiya ta ɗauka. Na biyun ba zan bar wa ɗaki ba. Wanke fuskarka ka fita zaure, yayanka ne ya mutu, kai za a yi wa gaisuwa."

Ya fito yana dafa bango. Na riƙe shi har zaure, aka matsa masa wuri kan tabarma. Kowa na duban ƙasa. Na durƙusa a gabansa na miƙa masa hannu, na ce, "Sani, ya haƙuri?" Ya buɗe baki zai ce haƙuri sai Ma'aiki, kuka ya ƙwace masa, irin kukan babban mutum da ba ya da daɗin ji. Sai liman ya taso ya miƙa nasa hannun, sannan mai garin ƙauyen nan da ya dawo sadakar, sannan sauran, ɗaya bayan ɗaya.

Ya Allah, ga bawanka Lawali ɗan Mamman ya zo maka. Ya shayar da bayinka da dabbobinsu shekara talatin, ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, tsira da amincinka su tabbata a gare shi. Ya sha shiga duhu da ƙunci saboda mutane, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Ka karɓi mutuwarsa a matsayin shahada, ka yafe masa gaggawarsa da zafin bakinsa, ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa na mutane. Ka ba Iya haƙuri da kyakkyawan ƙarshe. Ka dafa wa matarsa Maryama a cikin takabarta, ka raya 'ya'yansa huɗu, ka sa su a hannun masu tausayi. Ka buɗe wa mutanen ƙauyen nan ruwa, don har yau suna tafiyar rabin yini. Ni kuma ka gafarta mini dariyar da na yi da shirun kwana shida. Sani kuwa, ya Ubangiji, matarsa ta ce har yanzu in ya zauna shiru leɓɓansa motsi suke yi. Ka sauke masa wannan ƙirga, ka sanyaya masa zuciya. Amin.